Tambayoyi da amsoshi kan hotunan waya, jikinki da damuwar da ke hana ki barci

Salamu alaikum 'yan uwana mata. Ni sana'ata kwalliyar amare da zanen lalle a nan Garwa, kuma duk wadda ta taɓa zama a kujerar mai kwalliya ta san ba fuska kaɗai ake buɗewa a wurin ba, har abin da ke cin rai fitowa yake. Tambayoyin nan su ne 'yan mata ke ta maimaita min, wasu baki da baki wasu ta WhatsApp daga Marwa, Ngaundare, Kusiri har Njamena, shi ne nace bari in haɗa su wuri ɗaya in huta da tura vokal.

Adda, me yasa in na gama kallon TikTok ko Instagram sai inji na tsani fuskata, alhali da safe lafiya lau na tashi?

Saboda awo kika yi ba ki sani ba. Ɗan Adam dama haka yake, ba ya sanin matsayinsa sai ya dubi na kusa da shi, tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Leon Festinger ya yi rubutu a kan haka, lokacin ko talabijin bai zo mana ba balle waya. Abin da ya canza shi ne da su wa kike awon. Iyayenmu da 'yan kartiyensu, wato 'yan unguwarsu, suka gwada kansu, 'yan matan da suke haɗuwa a famfo da islamiyya da gidan biki, kuma sun gansu da gumi sun gansu da ƙuraje sun gansu ranar da kitso ya tsufa. Ke kuwa a dare ɗaya yatsanki zai wuce fuska ɗari da wani abu, kowacce an zaɓo ta an gyara ta.

Sannan wayar tana lura da ke. Ba sai kin danna layik ba, tsayawar da kika yi a kan bidiyon wata fara mai ƙugu, ko kika maimaita shi sau biyu, ya isa su gane nan ne idonki ke maƙalewa, gobe su ƙaro miki irinta goma. Bayan sati biyu sai ki ɗauka duk matan duniya haka suke ke kaɗai aka bari a baya. Shiga babbar kasuwa ranar da ta cika ki tsaya ki kalli matan da ke wucewa tsakani da Allah, ki gaya min nawa ne suka yi kama da na wayarki.

Amma ai ba duka ne ƙarya ba, wasu da gaske Allah Ya yi musu kyau

Gaskiya ne, akwai kyawawa kuma ba zan ce miki babu ba. Amma bari in gaya miki yadda hoton amarya ke fitowa tunda a hannuna ake yinsa. Za ta zauna awa biyu ko uku. A goge fuska a shafa abin riƙe kwalliya, a bi da fondasyon, a ɓoye baƙin ƙasan ido, a zana hanci da duhu gefe da gefe haske a tsakiya don ya miƙe, a manna gashin ido, a cike gira. A ƙarƙashin leshin akwai gen da ta matse cikin har numfashi sama-sama take yi, akwai acuci maza, wata har da cikon ƙugu na soso. In a watan Maris ne ko Afrilu da zafin Garwa ke haura 40, ƙawa ɗaya aikinta kawai fifita da dangwale gumi da tishu kada aikin ya narke. Sai a kunna fitilar zobe a gabanta, mai hoto yace juya kafaɗa, sauke haɓa, riƙe numfashi, a ɗauka a ɗauka a ɗauka, a cikin tarin nan a zaɓi biyu ko uku, su ma sai an bi su da gyara a waya kafin su hau statu. Kamar mai tumatir ne a kasuwa, manyan yake jerawa a saman kwando, ke kuma kin zazzage naki kwandon har ƙasa kina gwadawa da saman nasa.

Abin da ya fi bani tausayi, amaryar da kanta bayan sati in ta wanke fuska ta kalli madubi ta kalli hoton, sai taji kamar ta lalace. Da kanta take kishi fa.

Filta kuma yanzu ta wuce ta kunnen kare da furanni da muka sani a Snapchat. A 2023 TikTok ta fito da wata mai suna Bold Glamour, tana sake miki ƙashin fuska da leɓe da fata a cikin bidiyo, ko hannu kika gitta a fuskar ba ta gocewa, to ta yaya za ki gane? Abin ya kai ƙasashe sun sa doka. A Faransa tun 2017 hoton talla da aka gyara surar jikin mai tallar dole a rubuta cewa an gyara, Norway ma ta bi a 2022. Mu nan babu mai rubuta miki komai.

Me yasa hancina yake fitowa ƙato a selfi?

Kusancin kyamara ne. Wasu likitoci a Amurka sun lissafa a 2018, hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, in aka ja baya mita ɗaya da rabi sai ya koma daidai. Miƙa wa ƙawarki wayar ta ja baya ta ɗauke ki, haka mutane ke ganinki.

Wai da gaske an yi bincike a kan wannan ko dai surutun manya ne da ba sa son mu riƙe waya?

An yi, har masu abin da kansu sun yi. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, jaridar Wall Street Journal ta buga. A ciki akwai binciken da suka yi da kansu inda kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata matasa suka ce in dama suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram ƙara musu yake. A 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a waɗannan kafafe haɗarin alamun damuwa da ƙuncin rai a wurinsu ya ninka, kuma kashi 46 na masu shekara 13 zuwa 17 sun ce abin yana sa su ƙara raina jikinsu.

Ki lura dai, 'ya'yan Turawa aka tambaya, kuma ba kowa abin ke kamawa ba, wata za ta kalla ta yi dariya ta juya ta yi barcinta. Wadda dama akwai ɗan miki a ranta ita yake famawa.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na tsibirin Fiji. Mutanen can kamar mu suke, mace mai jiki ita ce mai kyau, in kin rame sai a tambaye ki lafiya. Talabijin ya isa wani yanki nasu a 1995 da finafinan Turawa, wata mai bincike Anne Becker ta tambayi 'yan matan makaranta a lokacin, ba ko ɗaya da tace tana janyo amai don ta rage jiki. Da aka koma a 1998, sama da kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ne na falo da ake kashewa a kwanta, ba waya da ke ƙarƙashin filo ba.

Mu ai ba rama muke nema ba Adda, ni ƙiba nake so, kullum ana ce min tsinke

Wannan shi ne namu salon kuma ni a ganina ya fi na Turawa wahala, don ta gefe biyu ake ja. A gida goggo za ta ce ke ba kya cin abinci ne, wa zai auri ƙashi, in kin je biki a ce wance ta yi kyau ta yi ɓulɓul. A waya kuma ba ƙibar goggo ake nunawa ba, ana so ciki ya shafe ƙugu ya tsuke, sama da ƙasa su cika, wato kitse ya je inda aka aike shi kawai. Jiki ba ya jin aike. Inda kitsenki zai zauna gado ne, dubi innarki da ƙannen babanki za ki ga naki. Mu da muke cakuɗe da Fulani gidaje nawa ne duk matansu sirara ne dogaye har tsufa, lafiyarsu ƙalau suna haihuwa suna aikinsu?

Da yawa daga masu surar nan da kike gani ciko ne, ko tsayuwa ce ta karya ƙugu, ko gyaran hoto (duba ƙofa ko labulen bayanta wani lokaci za ki ga ya lanƙwashe), wasu kuma tiyata ce ake zuƙe kitsen ciki a dura a baya, kuma tana cikin tiyatar kwalliya mafi kashe mutane don kitsen kan shiga jijiya ya toshe huhu.

In ramar taki sabuwa ce, kina raguwa ba dalili, ko da tari ko zazzaɓi ko yawan fitsari da ƙishi, wannan zancen asibiti ne ba na kwalliya ba.

Ƙawata tana shan wasu komprime da siro ta yi jiki cikin wata ɗaya, in sha?

A'a, don girman Allah. Yawancin abin da ake sayarwa a tebur ko a ƙulla a leda ba suna, ko a zuba a cikin haɗin da ake talla a statu wai na gargajiya ne zalla, abu biyu ne. Na farko dexamethasone, maganin asibiti ne mai ƙarfi na kumburi da asma da makamantansu. Abin da yake yi miki ba ƙibar lafiya ba ce, ruwa yake tarawa, fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu da hannaye kuma su sirance, kinga akasin abin da kika je nema kenan. Bayan haka hawan jini, ciwon suga, nankarwa manya-manya, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice, garkuwar jiki ta faɗi ƙaramin ciwo ya kwantar da ke. Na biyu cyproheptadine, shi ne ke cikin yawancin siron buɗe ciki, asalinsa maganin alaji ne, yana sa ci da barci kamar kasa, shi yasa za ki ga yarinya tana gyangyaɗi a aji, kuma shansa barkatai yana iya taɓa hanta.

Abu ɗaya mai muhimmanci, in ƙawar taki ta daɗe tana shan dexamethasone kada ta yanke rana ɗaya, jikinta ya saba ya daina yin nasa, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita. Ta ɗauki kwalin ko ledar ta kai wa likita ta faɗi gaskiya, shi zai rage mata a hankali. Faɗan minti biyar da anfirmiye za ta yi mata ba zai kashe ta ba.

To man ƙara haske fa? Ba bilicin nake so ba, ɗan wanke fata kawai

Kowa da haka ta fara. Ni nake ganin fatar nan kusa da kusa ba filta, kuma da na taɓa fuska nake gane mai shafawa: fatar ta yi siriri kamar ledar sanyi, jijiyoyi kore a fili, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kumatu sun ƙone sun yi tabo mai duhu da fondasyon ba ya rufewa sai an yi ta mala shi. Tabon nan aikin hydroquinone ne in an daɗe ana shafawa, ga ranarmu ta arewa da ba ta da tausayi, kuma da wuya ya tafi. Masu tub ɗin nan ƙanana da ake matsewa a cikin pomad yawanci kotikoyid ne irin su clobetasol, 'yan uwan dexamethasone ne, ta fata suke shiga jini su yi irin ɓarnarsa, kuma fatar da suka cinye ɗinki ba ya kama ta da kyau ranar da aka zo tiyatar haihuwa. Wasu sabulan da mayukan kuma akwai sinadarin merkur a ciki, yana lalata ƙoda, yana kai wa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono.

A watan Agusta 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ƙarƙashin minista Manaouda Malachie ta hana shigowa da sayar da kayan da ke ɗauke da irin waɗannan sinadarai, bayan hayaniyar da aka yi kan abubuwan sha na ƙara fari. Kodebuwa ta riga mu tun 2015. Amma kin sani na sani kayan suna nan a kasuwa da statu, an canza musu kwalba an rubuta karot ko madara ko haɗin amarya. Duk man da aka ce zai canza miki kala cikin sati biyu, ko wanda ba a rubuta abin da ke ciki ba, ki ajiye shi. In ƙuraje ne ko tabo ke damunki akwai likitan fata.

Yaya zan gane damuwata ta wuce ta kowa da kowa?

Kowace mace tana da ranar da madubi bai mata daɗi ba, wannan ba ciwo ba ne. Ki fara lura in abin ya soma cin rayuwarki: kin daina zuwa biki ko lise ko ɗakin lacca na jami'a don kada a ganki, kina ɓata awa ɗaya ko fiye kullum a kan abu ɗaya a jikinki da wasu ma ba sa gani, kina duba madubi ba iyaka ko kin daina dubawa gaba ɗaya, ba kya iya tura hoto ko amsa kiran bidiyo ba filta, kina ƙin abinci ko ki ci ki janyo amai, gabanki na faɗuwa haka kawai, zuciya na bugawa hannu na rawa barci ya ƙaura. Akwai ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani na mutum ya riƙa ganin wani mummunan aibi a jikinsa wanda babu shi ko bai kai ya kawo ba, yana kama kusan mutum 2 cikin 100 kuma yawanci a shekarun balaga yake farawa. Ana maganinsa, ta zama da sikolog ana warware tunanin, wani lokaci da magani.

Ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba ne. Ki yi addu'arki ki yi azkar, ki kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Fara da santir, wato ƙaramin asibitin kartiyenku, ko babban asibitin yanki, ki ce a haɗa ki da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ko kika ji gara ma ba kya duniyar, yau ɗin nan ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi, kada ki kwana da shi ke kaɗai.

Sai na goge komai kenan?

Ba dole ba, musamman mai sayar da kaya ko turare da wayar ce shagonta. A Kanada an gwada da ɗalibai 220 masu shekara 17 zuwa 25, aka ce rabinsu su rage shiga kafafen sada zumunta zuwa awa ɗaya a rana, cikin sati uku waɗanda suka rage suka fi jin daɗin kamanninsu da nauyinsu, sauran ba abin da ya canza. Ragewa ce fa ba gogewa ba.

Abin da nake gaya wa yarana na shago: duk wadda in kin kalle ta kike jin ranki ya ɓaci, cire ta, ko ki yi mata shiru in 'yar uwa ce kada a yi zumunci ya lalace. Danna ba na so a kan bidiyon gyaran jiki har wayar ta gaji ta canza miki, ki nemi girki ko ɗinki ko karatu ko barkwanci ki tsaya a kansu da gangan. Kada waya ta zama farkon abin da za ki gani da asuba, kuma da dare ki sa ta caji nesa da katifa, don kallon ƙarfe ɗayan dare shi ya fi dafi. Forfe ɗin intanet na dare mai arha ɗin nan ba ƙaramin barci ya ci mana ba.

Na saka hoton 8 Maris, ni da ƙawata zani ɗaya tela ɗaya, ta samu layik ninkin nawa. Kwana na yi ina kuka

Ranar 8 Maris, wato ranar mata ta duniya, da sallah da anko su ne lokacin da na fi samun irin wannan saƙon, don zani ɗaya ne a jikin kowa sai ya zama kamar jarrabawa. Layik ba awon kyau ba ne ƙanwata, ya danganta da yawan mabiyanta, da lokacin da ta saka, da ko tana bin mutane tana musu su ma su rama, wasu ma saye suke da kuɗi. Instagram tun 2021 ya ba da damar ɓoye adadin, ki ɓoye naki da na mutane. Masu zagi a ƙarƙashin hoto kuma bloke kawai, ba a musu da su. Mu ma mu kama bakinmu, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana mata yi wa mata izgili da jifa da laƙabi, amma grup nawa ne ake tura hoton yarinya ana dariyar hancinta?

Ni uwa ce, 'yata 'yar shekara 15 kullum tana ɗaki da waya ta daina cin abinci da mu. In ƙwace?

Hajiya ƙwacewa kaɗai ba ta yi, za ta ara a wurin ƙawa kuma ta daina gaya miki komai. 'Yan uwanmu na Chadi an toshe musu WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16, matasa suka koyi VPN, manhajar da ke tsallake toshewar, suka cigaba da harkarsu. Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga kafafen sada zumunta, to can gwamnati ce da kamfanoni, ke a gidanki dokar da za ki iya ita ce waya ba ta kwana a ɗaki kuma ba a cin abinci da ita, har ke har Alhaji.

Ki zauna kusa da ita ki ce nuna min wa kike kallo, ki kalla tare ba tare da salati da tsaki ba. Sannan ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, yawancin 'yan matan da ke kuka a kujerata ba daga waya suka fara jin maganar ba, a tsakar gida suka ji. Baƙar gidanmu, wa kika biyo ne, dubi ƙanwarki ta fi ki jiki, da wasa ake faɗa amma yarinya tana ajiyewa, wayar ta zo ta tarar da wurin a shirye. Rashin cin abincin kuma kada a jira, a kai ta a duba ta.

Wanda ke nemana a hoto ya ganni, duk da filta, yanzu yace zai zo daga Yawunde. Tsoro nake ji

Ki yi kiran bidiyo da shi kafin ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, da rana a tsakar gida, fuskarki yadda take da ɗan kwalli. In ya ja baya kin huta tun ba a kai goro ba. Wanda kuma ke turo miki hoton wata yana cewa ki yi haske kamarta ko ki ƙara jiki, ki tambaye shi in ƙoda ta lalace shi zai biya kuɗin wankin.

Ke ma ai da kwalliyar kike ci Adda, ba ku ne kuke ƙara abin ba?

Tambaya ce mai kyau kuma ba zan kauce ba, sana'armu tana ciki dumu-dumu, hoton kafin da bayan da masu kwalliya ke sakawa yana cewa fuskar farko matsala ce ta biyu magani. Ni dai kwalliya ado na ɗauke ta irin lalle da kitso da turaren wuta da muka gada, a yi ranar farin ciki a wanke da dare, kowa ya san an yi. A shagona ba na sayar da man haske ko haɗin ƙiba duk da ana tambaya kullum kuma kuɗin ya fi na kwalliyar, ba na saka hoton kowa sai da izininta, kuma fondasyon kalar fatarki nake shafa miki. Wasu amaren kan ce in ƙara haske mataki biyu ko uku, sai in shafa a gefen muƙamuƙi in ba su madubi su fita waje su gani da wuyansu a hasken rana, mafi yawa da kansu suke cewa a mayar da na farkon. Wadda ta dage kuma akwai masu yi a gari, ina mata kwatance.